Ranar da Aka Kira Mu Mushe

Mu huɗu aka tura makarantar, kuma tun kafin mu baro Jibiya muka yi wa juna alkawari: duk ranar da ɗayanmu zai ba da wannan labari, ba zai faɗi wanda ya riƙe jan biron ba. Ba don rufin asiri kaɗai ba. Ɗaki ɗaya muka kama haya, kwano ɗaya muke sa hannu, fitila ɗaya muke kewayewa da dare muna rubuta shirin darasin gobe, wannan na leƙen littafin wancan. Duk wanda aka ba ajin nan a cikinmu, abin da ya faru shi zai faru. Saboda haka "mu" za ku yi ta ji har ƙarshe.

Muna shekarar ƙarshe ta karatun NCE ne, zangon da ake watsa ɗalibai makarantu su yi koyarwar gwaji, wadda kowa ya fi sani da TP. Ƙarshen shekarar 2023 ke nan. Masu uwa a gindin murhu duk an bar su cikin birnin Katsina, suna kwana a gida suna zuwa aji riga a goge. Mu da ba mu da kowa, sunayenmu suka fito a ƙasan takarda, a gabansu an rubuta Jibiya. Mahaifiyar ɗayanmu kwana ta yi ba ta runtsa ba, don ita abin da ta sani game da Jibiya shi ne abin da rediyo ke faɗa: 'yan bindiga, satar shanu, ƙauyukan da aka tasa. Ba ƙarya rediyon ya yi ba. Amma akwai gari, akwai kasuwa, akwai yara masu zuwa makaranta da safe, kuma dole wani ya tsaya a gabansu.

Tafiyar kimanin kilomita 45 ce daga Katsina, sai dai shingayen da ke kan hanya kan ƙara mata tsawo. Mun tarar da garin cikin wani irin sanyin jiki. A ranar 26 ga Yuli sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta. A Magama, inda ƙofar take, manyan motoci sun yi layi har sun yi ƙura, yaran mota na kwance a ƙarƙashinsu. 'Yan dako, 'yan acaba, masu tuwo-tuwo, masu canji, duk wanda abincinsa ke rataye da hanyar Maraɗi ya yi jugum. Ba kuma wannan ne karo na farko ba: an rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Yaran da aka ba mu a aji biyar, tun suna aji ɗaya suke jin ana rufe boda ana buɗewa, kamar yadda yaran birni ke jin an ɗauke wuta an kawo.

Abin da muka zo da shi daga kwaleji, ban da katifa da risho, shi ne babban littafi mai bangon kwali da ake rubuta shirin darasi a ciki. Wanda bai yi malanta ba ba zai san darajar wannan littafi a wurin ɗan TP ba. Shi ne lasisinka. Kowane darasi da shafinsa: kwanan wata, aji, fanni, batu, tsawon lokaci, matsakaicin shekarun yara. Sai manufa, wadda aka hore mu mu rubuta da aikin da ido zai iya gani. Ba a yarda ka ce yara za su "fahimta" ko za su "sani" ba, sai dai za su lissafa, za su ambata, za su zana. Sai kayan koyarwa, sai gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, auna fahimta, kammalawa, aikin gida. Duk da Turanci. Da safe ka kai wa mai ajin ko hedimasta ya sa hannu kafin ka taɓa alli.

A tsakiyar wannan jeri akwai wani ɗan layi da ba mu taɓa ɓata minti guda a kansa ba: abin da yara suka riga suka sani. Ƙa'ida ta ce malami ba ya gini a kan iska, sai ya nemo abin da ke kan yaro ya ɗora sabo a kai. Mun rubuta haka a jarrabawa mun ci maki. A aikace kuwa jimla ɗaya gare mu, riga kawai muke sauya mata. In darasin kuɗi ne, yara sun saba ganin kuɗi a gida. In na tsabta ne, yara sun saba ganin sabulu. In na rabawa ne, yara sun saba raba abu da 'yan'uwansu. Ba mu tambayi yaro ko ɗaya ba, sunayensu ma ba mu riƙe ba tukuna. Ƙarya ce 'yar ƙarama, tsaf-tsaf, an ja mata layi da rula, kuma kullum sai an sa mata hannu.

A kwaleji mun yi gwajin koyarwa na minti goma-goma a gaban 'yan ajinmu, ƙarti masu gemu suna kwaikwayon yara, kana tambaya suna ɗaga hannu da amsar da suka riga suka leƙa a littafinka. Daga nan muka fito da yaƙinin cewa aji abu ne mai bin shiri. Har wani ɗaga kai muke yi, wai mu ne magadan Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, dukansu kuwa da alli suka fara.

Ranar farko ta sauke mu. Sunayen da ke rajista sun haura tamanin. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar, sauran suna ƙasa a kan buhu. Allon ya koɗe, sai an fasa tsohon batir an shafa masa baƙin ciki kafin rubutu ya fito. Cikin minti 35 da aka ba darasi, goma sun tafi wajen "ku zauna, ku yi shiru". Kwalin da muka kwana muna zanawa da maka kala uku ba a samu ƙusar rataye shi ba, yaron da muka sa ya riƙe ya juya shi kai a ƙasa. Muka zuba matakan nan uku kamar ana korar mu, muka tambaya da Turanci ko sun gane, suka amsa da murya ɗaya, "Yas sa!" Da muka zo auna fahimta, ba hannu ko ɗaya. Muka duba agogon waya: saura minti goma sha biyu, ba sauran abin faɗa a littafi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban idanu ɗari da sittin ba shi da abin cewa ba, bai san tsawon minti goma sha biyu ba.

A mako na biyu aka kawo yaron. Siriri ne, ya ɗan fi sauran tsawo, zai yi shekara goma sha biyu, ba shi da kayan makaranta. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Muna cikin darasin ninkawa muka jefa tambaya ba tare da sa ran amsa ba, sai ga shi ya ɗaga ɗan yatsa guda yana ƙyasta shi, yana cewa da ƙarfi:

"Mushe! Mushe!"

Ajin ya ɓarke da dariya. Har da masu bugun benci.

Mushe, a Hausar da muka tashi da ita, dabba ce da ta mutu ba a yanka ba, abin da ake ja a kai bayan gari a bar wa ungulu. Sabon malami kuwa ba abin da yake tsoro kamar dariyar yara. Waɗanda suka riga mu yin TP sun gargaɗe mu cewa in ka yi sake a makon farko, sun raina ka ke nan har ka tafi. Muka fito da shi, muka sa shi durƙuso a bakin ƙofa, hannuwa sama, inda rana ke bugawa. Ya ɗago ya ce, "Mi na yi?" Muka ɗauki wannan ma ƙarin rashin kunya. Nan ya zauna har aka kaɗa ƙararrawa. Daga ranar 'yan ajin suka laƙaba masa sunan, ya zama Mushe.

Ranar Juma'a muka ba da gwajin rabawa, tambaya goma. Da dare muka zauna da tulin littattafai da fitilar waya. Mai makin littafi tamanin ba ya karanta aiki, wuri ɗaya yake kallo: saman layi, inda amsa take zama a irin rabawar da aka koya mana. Littafinsa ba komai a saman layi. Layin ma ba namu ba ne. Ya ja wani tsaye, ya ja wani kwance a damansa, lambobi sun warwatsu hagu da dama. Tambayar farko 516 ce a raba gida 4. A idonmu ya kwafe ta 576, a gefe kuma ga wani abu kamar 729, can ƙasa ga sifili. Muka ce wannan ko kwafa daga allo bai iya ba. Ba mu tsaya duba sauran ba. Muka zana masa ƙaton sifili da jan biro, har da idanu da baki, irin yadda aka yi wa wasu a gabanmu muna yara muka yi dariya. Muka shigar da shi rajistar maki da biro.

Ranar Litinin muka karanto maki daga na sama zuwa na ƙasa, wai don a zaburar da su. Nasa ne ƙarshe. Kafin a tashi tara har sun yi masa kiɗa da benci, Mushe ya ci ƙwai. Bai zo karɓar littafinsa ba. Talata bai zo ba, Laraba bai zo ba. In za mu faɗi gaskiya, abin da muka ji a ranmu sauƙi ne: an rage mana ɗaya.

Mai ajin wata dattijuwa ce da ta kusa ritaya, mai tsohuwar takardar giredi tu. Mukan gaishe ta da ladabi mu raina ta a ɓoye, don da Hausa take koyarwa, shirin darasinta kuma bai fi layi biyar ba. Ranar durƙuson ta je sakatariya, ba ta gani ba. A mako na gaba tana duba rajista a ƙarƙashin dalbejiya sai ta ci karo da littafin da ba a karɓa ba. Ta buɗe, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi makin wannan?"

"Mu ne, Malama."

"Ku matso, 'ya'yana. Karanta mini wannan."

"Ɗari bakwai da ashirin da tara."

"Ɗari da ashirin da tara. Wannan ɗaya ce, ba bakwai ba. Haka ake rubuta ta a lakwal, da ɗan baki a gaba. Bakwai ɗinsu ga ta nan, da ɗamara a ƙugu, don kada a rikita su. Ɗari biyar da sha shida a raba huɗu, nawa ne?"

Muka yi shiru. Ta ɗauki fensir ta bi mana aikin. A tsarin Faransa, abin da za a raba yana hagu, mai rabawa yana dama a bayan layin tsaye, amsa kuma a ƙarƙashin mai rabawa take sauka, ba a sama ba. Sifilin da muka gani a ƙasa saura ne, wato ba abin da ya rage. Ta ce ko ɗigon da muke sawa a biyu da rabi, su waƙafi suke sawa. Ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya tana ɗan yin alama. Tara daidai, ɗaya kuskure. Wanda muka karanto a matsayin na ɗaya a ajin bakwai ya ci.

Ɗayanmu ya yi ƙarfin hali ya kawo zancen zagin, ko a samu abin kama. Ta cire tabarau ta dube mu.

"Mushe? Malami ke nan a bakin mutanen Nijar. Kalmar girmamawa ce ta Faransanci, harshen Bahaushe ya lanƙwasa ta. Rabin yaran nan sun san haka, suna da dangi a Ɗan Isa. Fuskarku suka yi wa dariya, ba shi ba."

Sai ta jawo littafinmu na shirin darasi, ta buɗe shafin ranar, ta ɗora yatsa a kan layin nan. "Yara sun saba raba abu da 'yan'uwansu. Ni na sa hannu a nan. Da ni a cikin laifin."

Daren nan ba wanda ya ci abincin kirki. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Daga bakin makarantar zuwa inda ake rubuta ɗaya da baki bai kai tafiyar da muke yi zuwa gida ba. Katsina da Maraɗi tsatso ɗaya ne. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807 sarakunan Haɓe suka yi arewa, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 bai raba harshe ba, bai raba aure ba, bai raba kasuwa ba. Makaranta ya raba. Nan makaranta, can lakwal. Nan littafin rubutu, can kaye. Nan biro, can bik. Nan aji ɗaya zuwa shida, can CI zuwa CM2. Shekara biyu da rabi muna haddace sunayen masanan tarbiyya na Turai da Amurka, ba ranar da muka tambayi yadda ake raba lamba a tsallaken boda.

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci. 'Yan ajin ne suka yi mana kwatance, muka same shi a rumfar kawunsa mai sayar da kayan masarufi. Ba mu ƙarasa nan take ba, muka tsaya daga gefe, kunya ta riƙe mana ƙafa. Boda a rufe take a kan kwalta, amma hanyoyin daji ba su da ƙyaure, kuma sefa na yawo a kasuwar. Wata mata ta kwance bakin zane ta ce tana da jika uku da dala ɗari, nawa ke nan a naira, kuma sabulu da man gyaɗa nawa za su ci a ciki? Kawun ya zaro waya yana latsawa. Kafin ya gama yaron ya faɗi kuɗin, ya faɗi canjin da za a mayar mata, da naira da kuma sefa in ta fi so. Wayar ta zo ta tarar da shi.

Ga wanda bai saba ba: mutanen Nijar ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya da Hausa, da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Takarda ko ƙarfen da aka rubuta wa 100, dala ashirin ne; 500 dala ɗari; 1,000 jika guda, wato dala 200. (Abin sha'awa, jakar kakanninmu ta nan ma naira 200 ce.) Ma'ana duk yaron da ke taɓa sefa, ido na ganin lamba ɗaya, baki na faɗin wata, kai na ninkawa da rabawa da biyar tun safe har dare. Ga kuma farashin canji da a shekarar ba ya kwana inda ya yini. Waɗannan su ne yaran da muka rubuta wa cewa sun saba ganin kuɗi a gida.

Muka yi sallama. Kawun ya shimfiɗa mana buhu, ya aiki yaron ya sayo ruwa, ya ba mu labarin a taƙaice, kamar wanda ya gaji da ba da shi. Ƙauyensu na yamma da Jibiya, wajen iyakar Zamfara. A 2019 aka shigo musu da dare. Mahaifin yaron bai fita ba. Uwar ta kwashi yara ta tsallaka wurin dangi a yankin Madarunfa, cikin dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka gudu jihar Maraɗi a shekarar. Can aka sa shi lakwal, ya yi shekara huɗu, ba ya wuce na ɗaya ko na biyu. Bana da takunkumi ya sa komai ya yi tsada a can, ta turo shi wurin ɗan'uwanta.

"Ɗan nan ne, Malam, ɗan wannan ƙaramar hukuma. Gudu ya kai shi, yunwa ta maido shi. Ya zo ya ce mini, Kawu, bokon nan ba irin nawa ba ne, kaina ba ya ɗauka. Na ce to zauna ka taimake ni. Ni me na sani?"

Muka ba kawun haƙuri. Ya ce, "Ai ba ni kuka yi wa ba."

A tarbiyyar da aka yi mana babba ba ya ba yaro haƙuri, balle malami. Ya dawo da ruwan ya ajiye, ya tsaya yana kallon ƙasa. Muka miƙa masa littafin muka ce mun yi kuskure, ba mu iya karanta rubutunsa ba ne, tara ya ci, kuma kalmar da ya kira mu da ita ba zagi ba ce, mu ne ba mu sani ba. Mun zaci zai yi murmushi ko ya yi kuka. Ko ɗaya bai yi ba. Ya karɓi littafin ya ce:

"Wanne na faɗi?"

Muka nuna masa: 816 a raba gida 8. Ya rubuta 12. Ya ƙura wa shafin ido, leɓensa na motsi, sai ya ɗan bugi goshinsa. "Ɗari da biyu. Na mance ziro a tsaka."

Bai zo ranar Litinin ba. Laraba muka gan shi a wurinsa na bakin ƙofa.

Daga nan shirin darasinmu ya lalace, in ka duba shi da idon kwaleji. Muka koma zama da yara lokacin tara muna tambayarsu abin da suke yi in an tashi. Ashe yarinyar da ke barci a darasin farko ita ke tallar awara da yamma, ta san ribar kwanon waken suya har ƙwandala. Ashe wani ya san kwalba nawa ke fita daga jarkar mai, da abin da ke ɓacewa wajen ɗurawa. Akwai waɗanda suka yi shekara biyu ba makaranta saboda an tashi ƙauyensu, aka ajiye su aji biyar don tsawonsu. Akwai masu karanta allo tiryan-tiryan amma baƙin boko na yi musu gardama. Layin nan da ba ya cin minti guda ya koma cin rabin shafi, har hedimasta ya ce mu rage surutu a takarda.

Kada a ɗauka wani abin al'ajabi ya faru. Yara tamanin dai suna nan tamanin, minti 35 bai ƙaru ba, kuma mun baro wasu ba su iya karanta sunansu ba, kamar yadda muka same su. Abin da ya sauya shi ne mun daina sanin amsar darasi tun daga ɗaki.

Sufabaiza ya zo a mako na tara, ba sanarwa, ya zauna a bayan aji da fom ɗinsa a kan cinya. Darasin rabawa da biyar ne. Maimakon gabatarwar da muka saba, muka tambaya da Hausa: sefa 650 dala nawa ce? Hannuwa suka tashi kamar an yi shuka. Ɗari da talatin. Muka ce wa mai awara, ta yaya kika sani? Ta dube mu kamar mun tambaye ta sunan babanta. "Ɗari biyar dala ɗari, ɗari dala ashirin, hamsin dala goma. A haɗa." Muka rubuta 650 a raba gida 5 a kan allo, muka ce abin da ta yi yanzu sunansa ke nan a boko. Aka yi wani ɗan shiru da ba mu taɓa ji a ajin ba.

Sai muka raba allon biyu. Ita ta yi a dama da tsarinmu, muna taimaka mata. Shi ya yi a hagu da nasa, layi tsaye, layi kwance, ɗayarsa da bakinta. Amsa ɗaya ta fito, tata a sama, tasa a ƙasa. Nan gardama ta kaure a kan wanne ya fi sauƙi, har masu zaman ƙasa suka miƙe. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawa. Ba mu kai ga auna fahimta ba, ba kammalawa, ba aikin gida.

A ofis sufabaiza ya karanto mana laifuffukanmu a natse: rashin kiyaye lokaci, yawan Hausa a aji biyar, shigo da hanyar da ba ta cikin manhaja. Maganar lokaci gaskiyarsa ce, ba mu da ta cewa. Maganar Hausa kuwa, a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa a koyar da firamare duka da harshen uwa, amma ɗalibi ba ya jayayya da mai riƙe da makinsa. Maki na tsaka-tsaki muka samu. Yana haɗa takardunsa sai ya ce a kira masa yaron nan. Ya ba shi 936 a raba gida 8 a bayan fom, ya tsaya a kansa har ya gama, ya zaro waya ya ɗauki hoton shafin, ya tafi bai ce komai ba.

Akwai abin da ya faɗa da ya zauna mana, ko da yake ba mu so jin sa ba. Ya ce wanda zai yi makin jarrabawar yaron ta fita firamare irinmu ne na makon farko: mutum ne da tulin takardu, saman layi kaɗai zai kalla. Don haka sauran makonnin muka zauna da shi bayan an tashi muna koya masa ya ajiye amsa a sama, ya rubuta ɗaya sanda miƙaƙƙiya, ya kwance wa bakwai ɗamara. Bai sha wahala ba. Amma mun lura in tambaya ta yi tsauri, sai ya juya bayan littafi ya yi ta da layinsa na lakwal tukuna, sannan ya kwafo mana ita yadda muke so.

Ranar da za mu miƙa aji, a watan Disamba, hazo ya rufe gari. Malama ta buɗe rajistar maki don mu sa hannu, sai ga sifilin nan yana nan inda muka ajiye shi. Mun gyara a littafinsa, mun manta da rajista. Ba a goge rajista, ba a kuma shafa mata farin ruwa. Muka tsaya muna kallon juna.

"Ku yi masa wutsiya mana," in ji ta.

Muka ja layi daga gefen sifilin zuwa ƙasa, ya zama tara, ta sa hannu a gefe. Ta leƙa ta taga ta kira shi ya zo ya gani da idonsa. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe.

"Mushe," ya ce, sai ya kama bakinsa. "Malam. Taranku ƙafarta a miƙe take. Mu can lanƙwasa ta mukai."

Muka karɓi biron daga hannun Malama muka lanƙwasa ta.